Babi na Huɗu: Shin Duk Kaboyi Bature Ne?

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo ya san tambayar da yara kan yi tun fim bai yi nisa ba: wane ne akta, wane ne bos? Da zarar an nuna musu sai hankalinsu ya kwanta, sun san wanda za su tafa wa, sun san wanda za su jira mutuwarsa. A fim ɗin kaboyi ba a ma bukatar tambaya. Dogon Baturen nan mai malafa, da libarba a kwankwaso, shi ne akta. Masu gashin tsuntsu a ka, waɗanda ke ɓullowa daga bayan dutse a sukwane suna ihu, da muka taso muna ce musu Indiyawan daji, su ne abin harbi.

Sai mutum ya girma wasu tambayoyin suke zo masa. Da gaske duk makiyayan Amurka Turawa ne? Ina baƙaƙen fata suka shiga, alhali miliyoyinsu ne a ƙasar tun zamanin bauta? Su kuma waɗancan da ake ta kakkaɓowa daga kan dawaki, laifin me suka yi? Za mu bi amsar daki-daki, daga filin kiwon Teksas har zuwa fadamar Miga ta bakin kogin Haɗeja.

Yadda kaboyi ya iso mu

A babin da ya gabata mun ga yadda majigin gwamnati ya riƙa zagaya garuruwa yana koyar da tsafta da noman auduga. Kaboyi ba ta wannan ƙofar ya shigo ba, ta silimar kuɗi ya shigo. A 1937 aka buɗe Rex a Kano, a wajen ganuwa, a 1952 kuma aka buɗe Palace a cikin birni. Yawancin gidajen silimar wancan lokaci na 'yan kasuwa Kwarori ne, mutanen Labanan, kuma abin da ke kawo ciniki shi suke sayowa.

Fim ɗin kaboyi kuwa ya kawo ciniki, don ba sai ka ji Turanci za ka fahimce shi ba. An zalunci wani, wani ya hau doki ya je ramuwa, shi ke nan. Ga shi kuma mu mutanen doki ne. Wanda ya saba ganin hawan salla ya san darajar mahayin da ya iya zama a kan sirdi, ya san bambancin sukuwa da zamiya. Mutumin Miga ko Jahun ko Kafin Hausa da ya je cin rani Kano yakan dawo da labarin abin da ya gani a bangon silima, ya ba da shi a dandali da daddare. Daga baya talabijin ta zo, sannan kaset ɗin bidiyo da janareta suka kai kallon har ƙauye. Samari suka riƙa laƙaba wa juna suna Jango, daga fim ɗin Django na 1966, wanda ma Italiyawa ne suka shirya shi, Franco Nero ya fito a jarumi.

Ta haka hoto guda ya zauna a kawunanmu, har muka ɗauka tarihi ne.

Kaboyin gaskiya ɗan kiwo ne

Zamanin da finafinan nan suke ta juyawa gajere ne ƙwarai, kimanin shekara 20 kacal, daga 1866 zuwa tsakiyar shekarun 1880. Bayan yaƙin basasar Amurka, wanda ya ƙare a 1865, shanu sun yi wa Teksas yawa. Saniyar da ba ta wuce dala 4 a can ba, in ta isa biranen arewa sai ta kai dala 40. Dabarar ita ce a kora su a ƙasa har zuwa inda jirgin ƙasa ya tsaya, kamar garin Abilene na jihar Kansas, wanda ya fara karɓar garkuna a 1867.

Garke ɗaya yakan kai shanu 2,500 ko 3,000, mutum goma zuwa sha biyu ne ke kora shi. Tafiyar wata biyu ce ko uku, mil 10 zuwa 15 a yini, don kada dabbobi su rame kafin kasuwa. Albashi dala 25 zuwa 40 a wata. Abin da ya fi kashe su shi ne faɗowa daga doki, da nutsewa wajen ƙetare kogi, da firgitar garke cikin dare, da ciwo. Harbe-harbe a tsakiyar gari da rana tsaka abu ne da ba kasafai ake yi ba, garuruwan kasuwar shanu da dama ma doka suka kafa cewa baƙo ya ajiye bindigarsa in ya shigo.

Ashe kaboyi ɗan ƙwadago ne mai kiwon shanun wani. Aiki ne na ƙura da rashin barci, wanda mai hali ba ya tura ɗansa. To, su wa ke yin irin wannan aiki a Amurkar wancan zamani? Waɗanda ba su da zaɓi.

Waɗanda aka share daga hoto

Sana'ar kanta ba Turawan Ingila ne suka kawo ta ba. Mutanen Sifaniya ne suka shigo da dawaki da shanu nahiyar, makiyayan Meziko kuma suka ƙware wajen jifa da igiya daga kan doki, da irin sirdin da ya dace da aikin, da wandon fata mai kare ƙaya. Teksas ƙasar Meziko ce har 1836. Kalifoniya da mafi yawan yankin Arizona sai a 1848 Amurka ta karɓe su bayan yaƙi. Baturen da ya zo daga gabas ɗalibi ne a wurin waɗannan mutane. Amma a fim, ɗan Meziko ɗayan biyu ne: ko ɗan fashi mai ƙazamin gemu, ko talaka mai rawar jiki da ke jiran mai ceto. A The Magnificent Seven na 1960 an haɗa duka biyun. Ƙauye guda na manoman Meziko ya kasa kare kansa sai da ya ɗauko hayar 'yan bindiga daga tsallaken iyaka, shugaban 'yan fashin kuma Eli Wallach ne ya fito a matsayinsa, haifaffen birnin New York.

Sai baƙaƙen fata. A ƙidayar 1860 bayi sun haura 180,000 a Teksas, wajen kashi 30 cikin 100 na jama'ar jihar, kuma da yawansu kiwo da horar da dawaki suke yi wa iyayengijinsu. Da aka shelanta 'yancinsu a watan Yuni na 1865, sana'ar da ke hannunsu ita suka fita nema da ita. Masana tarihi da dama sun ƙiyasta cewa cikin kowane kaboyi huɗu da suka kora garke arewa, ɗaya baƙar fata ne.

Wasunsu ma sun yi suna. Bass Reeves a cikin bauta aka haife shi, amma a 1875 ya zama mataimakin jami'in tsaro na tarayya, ya yi shekara 32 yana farautar masu laifi a yankin da yau ake kira Oklahoma, ana kuma cewa ya kama mutum wajen 3,000. Bill Pickett shi ya shahara da dabarar dirowa daga doki a kama bijimi ta ƙaho a kayar da shi, abin da har yau ake gasarsa. Akwai kuma Britt Johnson, wanda mahara suka kwashe matarsa da 'ya'yansa a 1864, ya bi sawu har ya karɓo su. Masana da yawa na ganin labarinsa na cikin abin da aka gina littafin da ya zama fim ɗin The Searchers na 1956. Wanda ya hau dokin a fim ɗin kuwa John Wayne ne.

Haka Sinawa. Su ne mafi yawan leburorin da suka fasa duwatsun Kalifoniya suka shimfiɗa ɓangaren yamma na layin dogon da ya haɗa gabas da yamma a 1869, sun fi mutum 10,000. A shahararren hoton bikin haɗe layin da wuya ka tsinci fuskar ɗayansu. A 1882 aka yi dokar hana leburorin Sin shiga ƙasar. Abin da fim ya rage musu shi ne wanki da dahuwa.

Masu ƙasa

Waɗanda aka fi yi wa illa su ne 'yan asalin ƙasar. Al'ummu ne daban-daban, yau ma gwamnatin Amurka ta amince da sama da 500, kowace da harshenta ko al'adarta. Navajo makiyayan tumaki ne masu saƙa. Hopi manoman masara ne da ke zaune a gidajen dutse da laka. Na gaɓar tekun arewa maso yamma masunta ne. Cherokee sun samu rubutun kansu a 1821 ta hannun Sequoyah, a 1828 suka fara buga jarida da harshensu, amma hakan bai hana a kore su daga ƙasarsu a 1838 ba, dubbai suka mutu a hanya. Hollywood ta tattara duk waɗannan ta sa musu hular gashin tsuntsu, wadda asalinta ta wasu al'ummun filayen tsakiya ce kawai.

Me ya sa suke kai hari? Fim ba ya faɗa. A 1862 aka yi dokar da ta ba duk ɗan ƙasa da ya zauna ya noma fili eka 160 kusan kyauta, filin kuwa da masu shi. Ɓaunar Amurka, wadda ita ce abinci da sutura da tantin mutanen filayen tsakiya, ta kai wajen miliyan 30 a farkon ƙarni na 19. Zuwa 1889 abin da ya rage bai wuce kimanin 1,000 ba. A watan Disamba na 1890 sojojin doki suka buɗe wa 'yan Lakota wuta a Wounded Knee, aka kashe tsakanin mutum 250 zuwa 300, da yawansu mata ne da yara.

Yanzu dubi Stagecoach na 1939, fim ɗin John Ford da ya ɗaga John Wayne. Fasinjojin keken dokin kowa da sunansa, da halinsa, da abin da ke damunsa: likita mashayi, ma'aikacin banki ɓarawo, mace mai ciki, matar da gari ya kora. Mayaƙan Apache da ke bin su ba wanda ya ce uffan. Ba mu ga gidajensu ba, ba mu ga 'ya'yansu ba, faɗuwarsu kaɗai muka gani. Shugabansu Geronimo kuwa mutum ne na gaske, ya miƙa wuya a 1886, ya mutu a 1909 yana fursunan yaƙi, bai sake ganin ƙasarsa ba.

In kuma rawar tana da magana, sai a ba wani can daban, a shafa masa jan shuni, a sa masa gashin kanti. Jeff Chandler ne ya fito a Cochise cikin Broken Arrow na 1950. Burt Lancaster mai shuɗin ido ya fito a jarumin Apache a 1954. Shugaban Comanche na The Searchers, Henry Brandon, a Jamus aka haife shi. Iron Eyes Cody, wanda ya yi shekaru da dama yana fitowa a ɗan asalin ƙasa har duniya ta yarda, iyayensa 'yan Italiya ne. Su kuma ainihin Navajo na kwarin Monument Valley, inda Ford ya ɗauki finafinansa, aikinsu cika fage: yau su ne Apache, gobe Comanche, jibi Cheyenne. A Cheyenne Autumn na 1964, da yake ba mai jin harshensu cikin masu ɗaukar fim, sai suka riƙa sakin zolaya da Navajo a inda ake jiran jawabin girma. In an nuna fim ɗin a yankinsu, 'yan kallo sai su yi ta dariya a inda Bature ke share hawaye.

Me ya kawo haka?

Dalilai uku ne suka haɗu. Na farko, labarin ya riga fim. Tun 1883 Buffalo Bill yake yawo da dandalin wasansa a biranen Amurka, daga baya har Turai, yana nuna harin keken doki da zuwan masu ceto. Shugaban Lakota Sitting Bull kansa ya yi 'yan watanni a tawagar a 1885. Kafin a ɗauki The Great Train Robbery a 1903, 'yan kallo sun riga sun haddace yadda labarin zai kaya.

Na biyu kasuwa ce. A jihohin kudu doka ta raba fari da baƙi a makaranta da mota da gidan silima, masu tace fim na wasu birane kuma sukan yanke duk inda aka nuna baƙar fata cikin mutunci. Kamfanin da ke son cinikin kudu ba zai ɗora baƙi a kan doki ya ba shi bindiga ba. Ƙa'idar tace finafinai da Hollywood ta fara aiki da ita sosai a 1934 ta ma haramta nuna soyayya tsakanin fari da baƙi, sai a 1956 aka cire wannan sharaɗi. Baƙaƙen fata sun yi nasu finafinan kaboyi da ɗan abin da ke hannunsu, irin Harlem on the Prairie na 1937 wanda mawaƙi Herb Jeffries ya jagoranta, amma a gidajen kallon baƙaƙe aka nuna su, ba su ne ake loda wa jirgi zuwa Kano ba.

Na uku shi ne mafi nauyi. Ƙasar da aka kafa a kan filin wasu tana bukatar labarin da zai kwantar mata da hankali: cewa daji aka tarar, jarumai suka share shi. In aka bar mai filin ya yi magana, labarin ya rushe.

Manomi, makiyayi, da na ukun da ba a gani

Akwai fim ɗin da mutumin Miga zai gane tun kafin a fassara masa, shi ne Shane na 1953. Ƙananan manoma sun zo sun kafa shinge a bakin ruwa. Mai garken shanu ya ce sun tare masa makiyaya da mashaya, ya ɗauko ɗan bindigar haya. An ɗauko labarin daga irin rikicin da ya auku da gaske a jihar Wyoming a 1892, zamanin da waya mai ƙaya, wadda aka yi wa rajista a 1874, ta gama yanka filayen kiwo gunduwa-gunduwa.

Mu ma mun san wannan. In ruwan kogin Haɗeja ya janye, fadama ɗaya ce kowa ke kallo. Manomi na son ta don shinkafa da alkama da kayan lambu, makiyayi na son ɗanyar ciyawa da hanyar mashaya, masunci na son gulbin da ya rage. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 zuwan ruwa ya sauya, kachala ta toshe hanyoyinsa, wani wuri ya nutse, wani ya bushe, burtali ya matse. Wanda ya zauna a nan ya san kowane ɓangare na da hujjar da in ka saurara za ka jinjina kai. Ya kuma san cewa in aka ba ɗayansu kyamara shi kaɗai, sauran biyun ɓarna kawai za a ga suna yi.

Shane ya yi ƙoƙari, domin ya bar mai shanun ya faɗi hujjarsa: shi ya riga zuwa, shi ya sha wuyar wurin. Cikin hujjar tasa har da ciwon kafaɗa da kibiyar Cheyenne ta bar masa. Iyakar rabon masu ƙasar a fim ɗin ke nan, tsinin kibiya a kafaɗar wani. Baƙi biyu suna jayayya a kan wanda ya riga zuwa, mai gidan kuwa ba a ko kira shi zaman sulhu ba.

Wa muke tafa wa?

A watan Afrilu na 1906 rundunar Turawan Ingila ta taso daga Kano ta auka wa Haɗeja. Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya. Mahaya da takubba da masu suka fuskanci bindiga mai jigida, aka gwabza har cikin gari, aka kashe sarki da jarumansa da dama. Shi ya sa har yau ake ce masa Mai Shahada.

Da Hollywood ta shekarun 1940 ce za ta ɗauki wannan rana, a ina za ta kafa kyamara? A bayan hafsan Bature. Za mu san sunansa, mu ga wasiƙar matarsa a aljihunsa. Haɗejawa kuwa za su zama taron masu rawani da ke fitowa daga ƙofar gari suna kururuwa suna zubewa. Ba zato ba ne wannan, an yi irinsa: Palaver na 1926, wanda aka ɗauka a tsaunukan Filato, da Sanders of the River na 1935, duk labarin jami'in mulkin mallaka ne mai kwantar da tarzomar mutanen da aka nuna kamar yara. Paul Robeson, baƙar fatan Amurka da ya fito a na biyun, daga baya ya nesanta kansa da fim ɗin.

Ke nan jikokin waɗanda suka tari bindiga a 1906 sun zauna a benci suna tafi in an busa bigila sojojin doki sun iso. Marubucin nan baƙar fatan Amurka, James Baldwin, ya faɗi irin wannan a muhawarar da ya yi a Cambridge a 1965, cewa yana yaro yana goyon bayan jarumin fim ɗin kaboyi Gary Cooper, sai daga baya ya gane waɗanda ake harbin nan shi ne.

Akwai wani abin lura kuma. Yawancin sojojin da suka ci Kano da Sakkwato a 1903, suka ci Haɗeja a 1906, baƙaƙe ne, da Hausawa a cikinsu, hafsoshin ne Turawa. A Amurka ma a 1866 an kafa rundunonin doki na baƙaƙen fata zalla ƙarƙashin fararen hafsoshi, aka tura su yaƙi da 'yan asalin ƙasa. John Ford ya karrama su a Sergeant Rutledge na 1960, inda Woody Strode ya fito. Ci gaba ne, amma Apache na nan a inda yake, a bakin bindiga. Ƙara baƙar fuska cikin masu harbi bai ba wanda ake harbi baki ba.

Kaboyin Nijar

Amsa mafi kaifi daga maƙwabta ta fito. A 1966 Moustapha Alassane na Nijar ya shirya Le Retour d'un aventurier, gajeren fim da bai fi rabin awa da 'yan mintoci ba. Wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa. Suka sa malafa, suka ɗaura bindiga, suka sauya sunaye, wannan Black Cooper, waccan Sarauniya Christine. Daga nan suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu da sata da duka, har abin ya koma kansu.

Alassane ya gane abin da ke cikin akwatin. Rigar ta zo da ɗabi'arta: wanda ya sa ta dole ya nemi wanda zai harba, in ba a samu bare ba sai 'yan gida. Djingarey Maïga, wanda ya fito a fim ɗin, daga baya ya zama darakta. Zalika Souley kuma, wadda ita ma ta fito a ciki, ta zama tauraruwar finafinan Nijar, ta kuma sha tsangwama daga mutanen da suka kasa raba ta da matan da take fitowa a matsayinsu. Rahmatou Keïta ta ba da labarinta a fim ɗin Al'lèèssi na 2004.

Gyara da iyakarsa

Amurka ma ta fara waiwaye. Little Big Man na 1970 ya nuna sojojin doki suna kashe mata da yara, Chief Dan George kuma, ɗan asalin ƙasa daga Kanada, ya shiga takarar Oscar. A 1972 Sidney Poitier ya shirya Buck and the Preacher, labarin 'yantattun bayi masu ƙaura zuwa yamma. A 1973 Marlon Brando ya ƙi karɓar Oscar, ya tura Sacheen Littlefeather ta bayyana cewa yadda ake nuna 'yan asalin ƙasa ne dalili. Dances with Wolves na 1990 ya sa an ji harshen Lakota a manyan silimu, ya ci Oscar 7, sai dai har a nan ta idon sojan Bature muke kallonsu. Sai a 1998, da Smoke Signals na Chris Eyre, aka samu fim ɗin da ya zagaya sosai wanda 'yan asalin ƙasa suka rubuta, su suka ba da umarni, su suka fito. Ba yaƙi a cikinsa, labarin samari biyu ne da uba da ya gudu ya bar gida, ga ban dariya ga ban tausayi. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Laifi tudu ne

Yau kyamara tana hannunmu. Tun daga Turmin Danya na 1990 masana'antar finafinan Hausa take ba da labarinmu da bakinmu. To, wa muka mayar ɗan cika fage? A finafinan barkwanci da yawa Bafulatanin ruga wawa ne da ake damfara a kasuwa, Bagwari da Ibo abin dariyarsu karyayyar Hausa, baƙauye kuwa ko gaisuwa bai iya ba. Ƙasar Haɗeja kaɗai ta ƙunshi Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa, da Auyokawa waɗanda harshensu ya riga ya ɓace. Sau nawa aka ga masuncin gulbi ko matar da ke sussukar shinkafa a matsayin mai labari?

Za a ce ai wasa ne, kuma wasan barkwanci gadonmu ne, kamar na Fulani da Barebari ko na Kanawa da Zage-zagi. Gaskiya ne, amma wasan taubasai yana da sharaɗi: wanda ka tsokana yana gabanka, yana da bakin ramawa. A fim, wanda aka tsokana ba ya nan, kuma miliyoyin da ba su taɓa zama da shi ba da wannan hoton za su san shi. A wannan zamani da laifin 'yan bindiga ke neman shafar duk mai sanda da garke, abin ya wuce dariya.

Ba a ce a daina kallon kaboyi ba. Ford gwani ne, The Searchers kuma har yau ana koyar da shi a makarantun fim. Abin da ake so shi ne mai kallo ya riƙe tambayoyi uku a duk fim ɗin da ya zauna gabansa, na Amurka ne ko na Kano. Wa aka ba suna da iyali? Wa aka bari ya faɗi dalilinsa da bakinsa? Wa ya riƙe kyamara?

Kaboyi bai daɗe yana sarauta shi kaɗai a silimun Arewa ba. Kwarorin da suka kawo shi sun gwada wata hajar daga Bombay, mai waƙa da rawa, da auren dole, da uwa mai kuka, sai ga 'yan kallo sun ga abin da ya yi kama da gidajensu. Yadda fim ɗin Indiya ya ture kaboyi daga kan doki, da abin da Bahaushe ya gani na kansa a cikin Mother India na 1957, shi ne zancen babi na gaba.